Kiranyen motoci: Yadda siyasa da kasuwa ke zaɓar wanda za a yi wa ihu

A watan Maris na 2014 kamfanin Toyota ya amince ya biya gwamnatin Amurka tarar dala biliyan 1.2 saboda ɓoye matsalar totur a wasu motocinsa. Bayan shekara ɗaya da rabi, kamfanin General Motors, wato GM, wanda shi ɗan gida ne, ya biya dala miliyan 900 saboda ɓoye matsalar gidan makulli, matsalar da asusun da ya kafa da kansa ya amince da biyan diyyar mutum 124 da suka mutu a dalilinta. Ofishin mai gabatar da ƙara guda ne a birnin New York ya bi kadin shari'o'in biyu.

Tun lokacin ake ta ja-in-ja. Wasu na cewa taron dangi aka yi wa Toyota don baƙo ne da ya ƙwace wa 'yan gida kasuwa, wasu na cewa abin da ya shuka ne ya girba. Wanda ya bi labarin daki-daki zai tarar kowane ɓangare yana da abin kamawa, kuma ƙarfin ihun da aka yi bai cika tafiya daidai da girman haɗarin ba.

Maganar ta shafe mu ne saboda motocin da aka yi wannan rigima a kansu, Camry da Corolla da Matrix da RAV4 da Highlander, su ne suka ci gaba da sauka a tashar jiragen ruwa ta Tema shekara da shekaru, muna kiran su "hom yus". Da yawa cikinsu suna nan suna aikin tasi a Accra da Kumasi da Tamale.

Shi kiranye a harkar mota ba wani abu ba ne mai wuyar ganewa. Idan aka gano aibi a ƙirar mota wanda zai iya jawo haɗari, sai kamfanin ya aika wa duk mai irin motar takarda, ya kawo ta a gyara masa kyauta. A Amurka doka ta ba kamfani kwana biyar na aiki ya sanar da hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, NHTSA, daga ranar da ya tabbatar da aibin. Ana yin ɗaruruwan kiranye kowace shekara, akasari ba wanda ke jin labarinsu sai masu motocin.

Yadda wutar ta kama

Ranar 28 ga Agusta 2009 wani ɗan sandan kula da manyan hanyoyi na jihar Kalifoniya yana tuƙa wata Lexus ES 350 kusa da birnin San Diego, tare da matarsa da 'yarsu da surukinsa. Motar aro ce da dila ya ba shi kafin a gama duba tasa. Sai totur ya maƙale, motar ta zarce gudun kilomita 160 a awa guda. Surukin ya kira lambar neman agaji daga kujerar baya, yana cewa birki ya ƙi, har motar ta kai mahaɗar hanya. Duk su huɗun suka rasu.

Bincike ya nuna tabarmar roba da aka shimfiɗa ƙarƙashin ƙafar direba ba ta wannan motar ba ce, ta wata Lexus ce mai girma, ita ce ta danne totur. Kwana uku kafin nan wani da aka ara wa motar ya gamu da irin wannan matsala, ya kuma faɗa a wurin dilan, amma maganar ba ta je ko'ina ba. Ga shi kuma motar ba ta makulli ba ce, ta maɓalli ce, wadda sai an danne na daƙiƙa uku kafin inji ya mutu idan tana tafiya. Wa zai san wannan a motar aro?

Da aka saki muryar wannan kira, gidajen talbijin suka yi ta maimaita ta. A ƙarshen Satumba Toyota ya shawarci masu motoci miliyan 3.8 su cire tabarmar. Ranar 21 ga Janairu 2010 ya sake kiran motoci miliyan 2.3 kan wata matsala daban: abin taka totur ɗin kansa yana iya yin danƙo ya ƙi dawowa da sauri. Bayan kwana biyar ya dakatar da sayar da nau'in mota takwas a Amurka, har da Camry da Corolla, waɗanda su ne ƙashin bayan cinikinsa. Kafin tsakiyar Fabrairu, motocin da ya kira a duniya sun haura miliyan 8, har da Prius da ire-irenta kusan 437,000 kan matsalar birki.

Alƙalin yana da hannun jari

To, a nan ne siyasa ta shigo, kuma sai an tuna halin da Amurka take ciki. A 2008 Toyota ya doke GM ya zama kamfanin da ya fi kowa sayar da motoci a duniya, matsayin da GM ya riƙe shekara 77. A 2009 GM da Chrysler suka durƙushe, gwamnatin Barack Obama ta ɗauko kuɗin talakawa ta tallafe su, har ta wayi gari tana riƙe da kusan kashi 61 cikin ɗari na hannun jarin GM. Rashin aikin yi ya kai kashi 10. Zaɓen 'yan majalisa na tafe a Nuwamban 2010. Kuma a daidai wannan lokacin Toyota ke shirin rufe masana'antar NUMMI da ke Fremont a Kalifoniya, wadda ita kaɗai ce masana'antarsa ta haɗa motoci a Amurka da ke da ƙungiyar ƙwadago ta UAW, babbar ƙawar jam'iyyar Democrat.

Ke nan gwamnatin da ke binciken Toyota ita ce mai kamfanin da ke gasa da shi. Ko a kasuwar Zango, idan sarkin kasuwa yana da rumfa a layinka, duk hukuncin da ya yanke maka sai mutane sun yi gunaguni, ko da a kan gaskiya yake.

Ranar 3 ga Fabrairu 2010 ministan sufuri Ray LaHood ya faɗa a gaban wani kwamitin majalisa cewa duk mai irin waɗannan motoci ya daina tuƙa su. Farashin hannun jarin Toyota ya faɗi nan take. Cikin 'yan sa'o'i ya fito ya ce suɓul da baka ya yi, abin da yake nufi shi ne a kai wa dila ya duba. Amma magana zarar bunu ce. Bayan mako guda gwamnonin jihohi huɗu, Kentucky da Indiana da Mississippi da Alabama, suka rubuta wa majalisa takarda suna cewa gwamnatin tarayya tana da wata manufa a fili a wannan lamari saboda jarinta a kamfanonin da ke gasa da Toyota.

Kada a ɗauka ƙaunar adalci ce zalla ta sa su. Dukkan jihohin nan huɗu Toyota yana da masana'anta a cikinsu, ko yana kan ginawa. Shi ma shugaban kwamitin majalisar wakilai da ya jagoranci zaman ranar 23 ga Fabrairu, Bart Stupak, ɗan jihar Michigan ne, gidan GM da Ford da Chrysler. Yayin da Sanata Jay Rockefeller da ya jagoranci zaman majalisar dattawa yana cikin waɗanda suka yi fafutukar kawo masana'antar injin Toyota jiharsa ta West Virginia. Kowa da inda tuwonsa yake.

Abokan gasa ba su ɓata lokaci ba. GM ya sanar da rangwamen dala 1,000 ga duk wanda zai bar Toyota ya sayi tasa, Ford ma ya bi sahu. Abin dariyar shi ne, Pontiac Vibe, wadda mu nan muka sani sosai, motar GM ce a suna amma tagwayen Matrix ce, a NUMMI ake haɗa ta, kuma ita ma tana cikin kiranyen. Haka kuma abin taka totur mai danƙon, wani kamfanin Amurka mai suna CTS da ke da hedikwata a Indiana ne ya ƙera, ko da yake ya ce bisa zanen Toyota ya yi. Wanda kamfanin Denso na Japan ya ƙera bai shiga kiranyen ba. Wannan bayani bai samu wuri a manyan kanun labarai ba, don ba ya shiga cikin labarin "motar Japan ta lalace".

Ranar 24 ga Fabrairu Akio Toyoda, jikan wanda ya kafa kamfanin, wanda bai cika shekara a kujerar shugabanci ba, ya zauna gaban kwamitin majalisa sama da awa uku yana ba da haƙuri. Ya amsa cewa kamfanin ya girma da saurin da ya fi ƙarfinsa. A Japan da yawa sun kalli zaman a matsayin wulaƙanci, suka tuna shekarun 1980 lokacin da ma'aikata a Detroit ke farfasa motocin Japan da guduma a gaban kyamara. Dama kuma a lokacin akwai tsamin dangantaka tsakanin ƙasashen biyu kan sansanin sojin Amurka na Futenma da ke Okinawa. Daga Washington, cikin 'yan kwanaki Toyoda ya wuce Beijin ya sake ba da haƙuri, don ita ma Sin kasuwa ce da ba a wasa da ita.

Kyamara da abin da ta ƙara

Kwana biyu kafin zaman Toyoda, gidan talbijin na ABC ya nuna rahoton ɗan jaridarsa Brian Ross, inda wani malamin jami'a ya haɗa wasu wayoyi a cikin wata Toyota Avalon har ta zabura da kanta. A cikin rahoton an nuno allurar agogon inji tana tashi sama. Masu lura suka ga ai fitilun dashbod sun nuna ƙofa a buɗe, giya kuma a fakin. Gidan talbijin ɗin ya amsa cewa a motar da ke tsaye aka ɗauki wannan hoton, ya sauya shi. Injiniyoyin da Toyota ya ɗauko suka nuna cewa idan aka yi wa motocin wasu kamfanoni irin wannan haɗin wayar, su ma haka za su yi.

A watan Maris wani direban Prius a Kalifoniya ya kira 'yan sanda ya ce motarsa ta ƙwace masa a babbar hanya. Labarin ya zagaye duniya a rana ɗaya. Masu bincike suka yi ta gwada motar ba su iya sa ta maimaita abin ba. Wannan kashi na biyu na labarin, kaɗan ne suka ji shi.

Irin wannan ba sabon abu ba ne. A Nuwamban 1986 shirin 60 Minutes na gidan CBS ya nuna wata Audi 5000 tana zabura da kanta, ba tare da an faɗa wa masu kallo cewa an huda giyar motar ana tura mata iska ta mesa ba. Cinikin Audi a Amurka ya faɗi daga mota kusan 74,000 a 1985 zuwa kusan 12,000 a 1991. Rahoton NHTSA na 1989 ya ce akasarin direbobin totur suka taka suna zaton birki ne. Sai dai kafin a ce baƙi kawai ake yi wa haka, a 1992 gidan NBC ya ɗaura wa wata a-kori-kurar GM abin tayar da wuta don ta kama da wuta a gaban kyamara, kuma dole ya fito ya nemi afuwa a Fabrairun 1993. A ganina talbijin ba ta damu da fasfon mota ba kamar yadda ta damu da hoton da zai hana mutum sauya tasha. Motar da ke gudu da kanta da iyali a ciki, da muryarsu a faifai, ta fi ƙaramin ƙarfe a gidan makulli jan ido.

Ranar 8 ga Fabrairu 2011, bayan wata goma ana bincike tare da injiniyoyin hukumar sararin samaniya ta NASA, waɗanda suka bi layi sama da 280,000 na manhajar motocin, LaHood ɗin nan dai ya fito ya ce ba a sami wani aibi a na'urar lantarki da ke sa motocin zabura ba. Abin da aka tabbatar shi ne tabarma, da totur mai danƙo, da kuma kuskuren ƙafar direba. Tun kafin nan, cikin na'urorin naɗar bayanai 58 da aka ciro daga motocin da suka yi haɗari, 35 sun nuna ba a taka birki ba sam. Ƙorafe-ƙorafen da jama'a suka aika sun danganta mutuwar mutum 89 da matsalar, amma waɗanda hukumar ta tabbatar tabarma ce sanadi mutum 5 ne. Zuwa lokacin kason Toyota a kasuwar Amurka ya sauka daga kashi 17 zuwa kashi 15 da ɗoriya.

Toyota ba wankakke ba ne

Wanda ya tsaya a nan zai ce an zalunci kamfanin. Amma takardun kamfanin na cikin gida sun faɗi wani abu daban. A wata takarda ta Yulin 2009, wata guda kafin haɗarin San Diego, ofishin Toyota na Washington ya lissafa cikin nasarorinsa cewa ya ceto wa kamfanin sama da dala miliyan 100 ta hanyar shawo kan hukuma a 2007 ta yarda da ɗan ƙaramin kiranyen tabarmi 55,000 kawai. Wasu daga cikin masu yi wa kamfanin wannan ciniki da hukuma, tsofaffin ma'aikatan hukumar ne. Kuma tun Satumban 2009 Toyota ya aika wa dilolinsa a ƙasashen Turai yadda za su gyara totur mai danƙo, amma bai sanar da Amurka ba sai Janairu. Wannan jinkiri ne ya jawo masa tarar farko ta dala miliyan 16.4, wadda ita ce iyakar abin da doka ta yarda a lokacin.

Maganar manhaja ma ba ta mutu da rahoton NASA ba. A Oktoban 2013 masu taimaka wa alƙali yanke hukunci a wata kotu a Oklahoma sun saurari ƙwararru kan manhajar wata Camry ta 2005, suka ɗora wa Toyota laifi, suka yanke diyyar dala miliyan 3. Bayan nan kamfanin ya shiga sasanta ɗaruruwan ƙararraki a wajen kotu. A yarjejeniyar 2014 kuwa, da bakinsa ya amsa cewa ya yaudari jama'a.

Sai aka zo kan ɗan gida

Gwamnatin Amurka ta sayar da ragowar hannun jarinta a GM a Disamban 2013. A Fabrairun 2014 GM ya fara kiran ƙananan motocinsa irin su Chevrolet Cobalt da Saturn Ion, har adadin ya kai miliyan 2.6. Gidan makullinsu sako-sako ne. Idan gwiwar direba ta taɓa makulli, ko an rataya masa tarin makullai masu nauyi aka faɗa rami, sai inji ya mutu ana cikin gudu. Sitiyari ya yi tauri, birki ya yi nauyi, jakar iskar nan da direbobi ke kira eyabag kuma ta ƙi fitowa.

Injiniyoyin kamfanin sun ga alamar matsalar tun 2001, suka sake ganin ta a 2004. Gyaran bai kai dala ɗaya a kan kowace mota ba. A 2006 wani injiniya ya sauya ƙarfen a asirce ba tare da sauya lambar kayan ba, abin da ya ɓatar da masu bincike shekaru. Ba hukuma ce ta tono wannan ba, ba kuma babban gidan talbijin ba. Wani lauya ne a jihar Georgia, da injiniyan da ya ɗauka, suka yi ta sayo tsofaffin gidajen makulli suna buɗewa suna aunawa. Ita NHTSA sau biyu maganar ta zo gabanta, a 2007 da 2010, ba ta buɗe cikakken bincike ba. A lura da wannan 2010 ɗin: shekarar da ake tasa ƙeyar Toyoda gaban majalisa ke nan.

Gaskiya GM ma ya sha matsa. Sabuwar shugabarsa Mary Barra ta sha tambayoyi masu zafi a majalisa, an kori ma'aikata 15, jaridu kuma ba su raga ba. Mai gabatar da ƙara Preet Bharara ya ce haɗin kan da GM ya bayar cikin sauri ne ya sa aka sassauta masa. Wannan hujja ce da za a iya saurara. Duk da haka ba wani minista da ya fito ya ce a ajiye motocin GM, ba wanda aka ɗaure, kuma cinikin kamfanin a Amurka ƙaruwa ya yi a 2014. Wani abin da ya taimake shi, an riga an daina ƙera Cobalt, sunayen Saturn da Pontiac kuma an binne su, don haka mai shiga shago bai ga motar da ake magana a kanta ba.

Wa ake fara faɗa wa?

Akwai wani nau'in bambancin da ya fi kusa da mu, shi ne wace ƙasa ake fara sanarwa. A 1999 Ford ya fara sauya tayoyin Firestone a motocinsa na Explorer a Saudiyya, inda zafi ke sa tayoyin ɓarewa, daga baya ya yi haka a Malesiya da Tailan da Benezuwela, duk bai faɗa wa hukumomin Amurka ba. Sai da wani gidan talbijin na birnin Houston ya bi diddigin haɗurran a farkon 2000, sannan aka kira taya miliyan 6.5 a watan Agusta. Amurkawa suka fusata da jin an riga su, majalisa ta yi dokar da ta tilasta wa kamfani ya sanar da duk kiranyen da ya yi a wata ƙasa.

A Afirka abin juyewa yake yi. Motar Ford Kuga mai inji 1.6 ta yi ta kamawa da wuta a Afirka ta Kudu, wani mutum ya mutu a cikin tasa a Disamban 2015, amma sai Janairun 2017 aka kira motoci 4,556, bayan matsin lambar hukumar kare masu saye da hayaniyar jama'a a Facebook. 'Yar uwarta Escape mai irin wannan inji, tun 2012 da 2013 ake kiran ta a Amurka kan haɗarin gobara. A 2019 kamfanin ya amince da tarar rand miliyan 35. Wannan fa a ƙasar da ke da masana'antun mota da hukuma mai haƙora, kuma a kan motocin da aka sayar sababbi.

Wasiƙar da ba ta tsallako teku

Kiranye mafi girma a tarihi shi ne na eyabag ɗin kamfanin Takata na Japan: kusan miliyan 67 a Amurka, kimanin miliyan 100 a duniya, a motocin kamfanoni 19. Sinadarin da ke hura jakar, irin wanda ake yin takin zamani da shi ne. Idan ya daɗe yana shan zafi da laima sai ya lalace, ranar da aka yi karo, ko da ƙarami ne, ya fashe gwangwaninsa ya watsa wa na gaban mota ƙarafa a fuska da wuya. Ya kashe aƙalla mutum 28 a Amurka, ya kuma kashe wasu a Malesiya. Kamfanin ya amsa laifi, aka ci shi tarar dala biliyan 1, ya durƙushe a 2017.

Da yake kayan gyaran ba su isa ba, hukuma ta raba Amurka shiyya-shiyya. Wurare masu zafi da laima irin su Florida da Puerto Rico aka sa a gaba, don a can sinadarin na iya lalacewa cikin shekara shida zuwa tara. Motocin jihohin sanyi aka sa a bayan layi. To, motar da ke bayan layi a Michigan, idan aka yi gwanjonta aka loda ta a jirgi, ta sauka Tema ta yi shekara goma tana shan rana da iskar teku, a wace shiyya take? Takardar kiranye tana zuwa ne adireshin wanda sunansa ke rajista a can. Kuma dokar tarayyar Amurka, wadda ta hana dila sayar da sabuwar mota mai kiranyen da ba a gyara ba, ba ta hana sayar da tsohuwa ba.

A Janairun 2024 Toyota ya gargaɗi masu motoci kusan 50,000 a Amurka cewa kada su sake tuƙa su sai an gyara: Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 na 2004 da 2005. A Corolla da Matrix jakar gefen fasinja ce, kujerar da ake ba babba ko mai ciki a tasi. Honda ma ya yi irin wannan gargaɗi kan Accord da Civic na farkon shekarun 2000. Gwajin lafiyar mota na DVLA zai duba birki da fitila da taya, amma ba idon da zai ga halin da sinadari yake ciki a rufaffen gwangwani. Haka fita a Suame Magazine ba zai gani ba. Jakar da aka ciro daga wata motar aka sayar a Abossey Okai ma tana iya zama ɗaya daga cikinsu. Ko a Amurka an samu wadda ta ji mummunan rauni a Las Vegas a 2017 saboda jakar da aka ɗauko daga wurin tsofaffin motoci aka sa a motarta.

Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ce daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufo.

Mu ma nan gida maganar lafiyar mota ba ta rabuwa da kasuwa. A 2020 majalisar Ghana ta gyara dokar kwastan don hana shigo da motocin da suka yi haɗari da wasu da suka haura shekara goma. An kafa hujja da kare rayuka, amma dokar ta zo ne tare da shirin jawo kamfanoni su haɗa motoci a cikin ƙasa: Volkswagen ya buɗe a Accra a shekarar, Toyota a Tema a 2021, Nissan a 2022. Dillalan motoci da masu kayan gyara suka tayar da jijiyar wuya, zaɓe na ƙaratowa, gwamnati ta jingine aiwatarwa. Masu masana'anta suna da bakin magana, dillalai suna da ƙuri'a. Mai motar da takardar kiranyenta ke kwance a wani akwatin gidan waya a Ohio, shi ba ya cikin lissafin kowane ɓangare.

Abin da ya rage a hannunsa shi ne lambar casis, mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ƙofa. Idan motar ta Amurka ce, a shigar da lambar a shafin kiranye na NHTSA a intanet, ko a shafin kamfanin da ya ƙera ta. Kyauta ne, kuma zai nuna duk gyaran da ba a yi ba. Ya fi kyau a yi haka kafin a biya kuɗin mota, tun tana wurin gwanjo ko garejin dila. Idan ya nuna akwai saura, a tafi da lambar wurin wakilin kamfanin a nemi bayani. Sannan ɗabi'ar nan ta ɗora tabarmar roba a kan ta asali don gudun laka, a bar ta a gefen direba, ko kuma a tabbatar ta maƙale a ƙugiyarta. Idan totur ya taɓa maƙalewa, Allah Ya kiyaye, a danne birki da ƙarfi ba tare da ana ɗagawa ba, a mayar da giya firi, a gangara gefe, sannan a kashe inji.

Shafin NHTSA bai san motar da aka ƙera don kasuwar Japan ko Koriya ko Turai ko Dubai ba, kuma yana iya ƙin nuna kiranyen da ya haura shekara 15. Masu irin waɗannan motoci, da su da masu Vitz da Picanto da i10 da suka cika titunanmu, sai su nemi shafin kamfanin na ƙasar da motar ta fito, ko su kai lambar ga wakilinsa a Accra ko Kumasi.